Yaro Ba Ya Kai Ƙara Caji Ofis

A cikin watan Agusta na shekarar 2020 wani labari ya fito daga unguwar Badariya ta Birnin Kebbi wanda ya girgiza zuciyar duk mai imani. 'Yan sanda suka shiga wani gida suka fito da wani yaro ɗan wajen shekara 10, wanda uwarsa ta rasu, aka ce ya yi kusan shekara 2 ɗaure a turke tare da awaki, yana cin abin da ya samu a gabansu. Da aka kwance shi ko tsayuwar kirki bai iya yi ba, sai ɗaukarsa aka yi zuwa Asibitin Sa Yahaya. Aka kama uban da matan uban, Gwamnatin Jiha kuma ta ɗauki nauyin jiyyar yaron. Jama'a suka yi ta Allah wadai na 'yan kwanaki, sa'an nan kowa ya koma kan harkarsa.

An yaba wa 'yan sanda bisa ga wannan aiki, kuma sun cancanci yabo. Amma abin da ya kamata masu karatu su tsaya su auna shi ne shekarun nan 2. Shekara 2 kwana fiye da 700 ke nan. Gidan nan kuwa ba a tsakiyar daji ya ke ba, a babban birnin Jiha ya ke, inda Kwamishinan 'Yan Sanda ya ke zaune, da manyan alƙalai, da ma'aikatan jin daɗin jama'a. To, in yaro zai iya yin kwana 700 a turke a Birnin Kebbi kafin labarinsa ya kai kunnen Hukuma, kwana nawa ɗan'uwansa zai yi a wani ƙauye na bayan Bena, ko Wasagu, ko Mahuta, ko Dirin Daji? Wannan tambaya mu mutanen ƙasar Zuru ta fi shafa, don haka na ga ya kamata mu duba yadda a ke binciken irin wannan laifi, mu ga abin da ya rage mana.

Da fari dai sai mu gane cewa cin zalin yaro ya sha bamban da sauran laifuffukan da ɗan sanda ya saba da su. In aka sace wa mutum akuya, shi da kansa zai sheƙa caji ofis tun rana ba ta yi zafi ba, ya faɗi kamanninta, ya kawo maƙwabta su shaida, ya kuma riƙa sintiri har ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi. A nan mai ƙara yana da baki, yana da ƙafa, yana da kuɗin mota. Shi kuwa yaro ba ya da ko ɗaya. Sau da yawa wanda ya kamata ya kai ƙara a madadinsa shi ne mai laifin, ko matarsa, ko ƙanensa, ko malaminsa. Tuwon yaron a hannunsa ya ke, makwancinsa a ɗakinsa ya ke. Laifin kuma a bayan danga a ke yinsa, ba mai gani sai Allah. Shaidar da ke akwai guda biyu ce tak, watau jikin yaron da bakinsa, kuma dukansu biyu masu saurin lalacewa ne. Rauni ya kan warke cikin mako biyu, magana kuwa ta kan gurɓace cikin yini ɗaya in aka bar kowa ya sa mata hannu.

Kada wani ya ce ai wannan abu ne da ba safai ya ke faruwa ba. A shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da taimakon UNICEF, ta yi bincike a faɗin Nijeriya, ta samu cewa yara 6 cikin 10 sun gamu da wani irin cin zali kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, an taɓa yi musu lalata ko an nemi yi. Waɗanda suka sami wani taimako a cikinsu kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Ashe ke nan abin da ke isa teburin ɗan sanda ɗan tsakure ne kawai.

To, in labari ya iso, me ya kamata a yi? Waɗanda suka ƙware a wannan aiki sun haɗu a kan cewa kama mai laifi ba shi ne na farko ba. Na farko shi ne a tambayi inda yaron zai kwana yau. In aka ɗauki jawabinsa da hantsi, aka mai da shi gidan da aka cuce shi da la'asar, to, gobe da safe zai dawo ya ce ƙarya ya yi, faɗuwa ya yi daga bisa itace. Ba laifinsa ba ne, kowa a matsayinsa haka zai yi. Saboda haka wajibi ne ɗan sanda ya san ma'aikacin jin daɗin jama'a na yankinsa, ya san kakar yaron ko gwaggonsa da za a iya amince wa, tun kafin ya buɗe littafi.

Bayan wannan sai likita, kuma ba da jinkiri ba. Likita shi zai auna raunuka ya rubuta girmansu da wurarensu, ya bambanta tabon jiya da na bara, ya faɗi ko wannan ƙuna ta yi kama da ta yaron da ya faɗa wuta ko kuwa ta wanda aka riƙe hannunsa aka tsoma. Tun 1962 wani likitan yara a Amurka, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka nuna wa duniya cewa hoton ƙashi ya kan tona asirin karaya iri iri da aka yi wa yaro a lokatai dabam dabam, ko da iyaye sun rantse cewa faɗuwa ce guda. In kuwa fyaɗe ne, akwai maganin da ke kare yarinya daga ƙwayar cutar ƙanjamau, amma sai an fara ba ta shi cikin awa 72. Duk kwanan da dangi suka ɓata suna shawara a zaure, daga cikin awoyin nan su ke cirewa.

Sai kuma tambayar yaron, wadda a ganina nan ne shari'a ta ke tsayawa ko ta faɗi. A nan mu malaman makaranta muna da abin cewa, gama mun san halin yara fiye da yadda ɗan sanda ya san shi. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya ce, "Kun gane?" ya san amsar da zai ji. Aji duka zai ɗauka, "E, Malam!" alhali kuwa ko mutum biyar ba su gane ba. Yaronmu an tarbiyyantar da shi a kan kada ya musa wa babba, kada ya dube shi cikin ido, ya kuma nemi amsar da za ta faranta masa rai. Wannan ladabi abin so ne a gida, amma a ɗakin bincike haɗari ne babba. In ƙato mai kaki da bindiga ya sunkuyo ya ce, "Kawunka ne ya yi maka wannan, ko ba haka ba?" yaro zai ce e. In wani ya zo bayansa ya ce, "Ai faɗuwa ka yi, ko?" nan ma zai ce e. Ranar shari'a lauya ya ɗauko jawabai biyu masu karo da juna ya ajiye gaban alƙali, shi ke nan mai laifi ya tafi gida. Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, a cusa wa yaro sunan wanda bai ji ba bai gani ba, a ɗaure bawan Allah a banza.

Maganin wannan sananne ne. A zaunar da yaro a ɗaki mai natsuwa, ba a gaban kanta ba inda a ke shigo da ɓarayi da mashaya. Mai tambaya ya tuɓe kaki, ya zauna daidai da yaron, ya fara da hirar makaranta da wasa har ya saki jiki. Ya gaya masa cewa in bai san abu ba ya ce bai sani ba, in kuma babba ya faɗi kuskure ya gyara masa. Sa'an nan ya ce, "Gaya mini abin da ya faru tun daga farko," ya yi shiru, ya bar yaron ya yi ta zuba. Kada ya sa masa suna a baki, kada ya yi masa alkawarin alewa, kada ya nuna fushi ko razana. A rubuta kalmomin yaron yadda ya faɗe su, ko a ɗauki muryarsa da na'ura, kuma a yi sau ɗaya. A garin Huntsville na Amurka, a 1985, wani lauyan Gwamnati ya lura cewa yaro guda sai ya maimaita labarinsa ga ɗan sanda, da likita, da ma'aikacin jin daɗin jama'a, da lauya, kowa a ofishinsa, har yaron ya gaji ya rufe baki. Sai ya tara su duka a gida ɗaya, ya zama su ke zuwa wurin yaro maimakon a riƙa yawo da shi. Ƙasar Aisland ta ɗauki wannan tsari a 1998, daga nan ya bazu cikin ƙasashen Turai.

A ƙasar Zuru akwai wani ƙarin nauyi, watau harshe. Mu nan akwai Dakarkari, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Fulani, da Hausawa, da wasunsu. Yaro ɗan shekara 6 daga cikin ƙauye ya yiwu yana jin Hausar kasuwa, amma abin da aka yi masa a ɓoye, da sunayen gaɓoɓin jikinsa, da harshen uwarsa kaɗai zai iya faɗinsu. In ɗan sandan da aka turo daga wata Jiha mai nisa ba ya jin C'lela, wa zai yi masa tafinta? Galibi sai a waiwaya a kira wanda ya rako yaron. Wanda ya rako shi kuwa ɗan gidan ne, yana da ra'ayi a cikin maganar, zai tace abin da ya ga dama. Ƙasar da ta cika barikokin Nijeriya da sojoji ba za ta rasa 'ya'yanta maza da mata masu kaki da za a koya wa wannan aiki a ajiye su a gida ba.

Ta wajen doka ba mu da abin kuka sosai. Tun 1958 Jihar Arewa ta yi Dokar Yara da Matasa. Kundin hukunta laifuffuka na 1959, wanda a ke kira Fenal Kod, a sashe na 55 ya yarda uba ko malami ya hori yaro muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba, amma a sashe na 238 ya mai da shi laifi ga duk wanda yaro ke hannunsa ya azabtar da shi ko ya yi watsi da shi da gangan. An fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Nijeriya a 1955, kuma tun farko al'amuran mata da yara na cikin abin da aka ɗora musu. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, a sashe na 207, ta ce a kafa wani rukuni na musamman cikin 'yan sanda wanda aikinsa shi ne sha'anin yara, a kuma ba su horo na musamman. Jihar Kebbi ta daɗe ba ta karɓi wannan doka ba, sai a 2022 Gwamna Atiku Bagudu ya sa hannu a kan tata dokar kare yara, tare da dokar hana cin zarafin mutane. Takarda dai ta cika. Sai dai takarda ba ta hawa babur ta je ƙauye, kuma allo da aka kafa a ƙofar ofis aka rubuta "Sashen Yara" ba ya tambayar kowa kome.

Dattawa su kan ce a zamanin En'e, lokacin da 'yan doka ke ƙarƙashin Sarki, mai unguwa ya san abin da a ke dafawa a kowane gida, labari kuma ba ya kwana bai kai ga dagaci ba. Akwai gaskiya a ciki, ko da ya ke 'yan doka su ma suna da nasu tabon, shi ya sa aka haɗe su cikin 'yan sandan Nijeriya bayan juyin mulkin 1966. Abin da aka yi hasara a haɗewar nan shi ne igiyar da ta ɗaure mai unguwa da mai kaki. Yau mai unguwa yana da labari ba ya da iko, ɗan sanda yana da iko ba ya da labari.

Irin wannan rarrabuwa ba mu kaɗai ta ke ci ba. A watan Fabrairu na 2000 wata yarinya 'yar shekara 8, Victoria Climbié, wadda aka ɗauko riƙo daga ƙasar Kwaddibuwa, ta mutu a Landan a hannun 'yar'uwar kakanta da saurayin matar. Likitan da ya duba gawarta ya ƙirga raunuka 128. Da Gwamnatin Ingila ta sa Lord Laming ya bincika, rahotonsa na 2003 ya nuna cewa asibitoci biyu sun ga yarinyar, rukunin 'yan sanda masu kula da yara guda biyu sun san da ita, ofisoshin jin daɗin jama'a da dama suna da sunanta a fayil. Kowa yana riƙe da guntun labari, kowa yana zaton ɗayan ne zai motsa. Ga kuɗi, ga motoci, ga ilmi, amma ba wanda ya haɗa guntayen. Kuma masu karatu su lura, 'yar riƙo ce, iyayenta sun ba da ita ne don ta sami karatu, kamar yadda mu ma mu ke bayarwa kullum.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi kashe irin waɗannan shari'u a wurinmu, watau sulhu. Da zarar an kama mutum sai dangi su yi ɗango zuwa gidan mai ƙara. A zo da dattijo, a zo da liman ko fasto, a ce a rufa asiri, a ce yarinya ce za ta rasa mijin aure, a ce zumunci ya fi shari'a. Wani lokaci a haɗa da 'yan kuɗin magani. Washegari uba ya je caji ofis ya ce ya janye. Sulhu alheri ne a rikicin gona, da bashi, da faɗan kishiyoyi, gama a nan masu haƙƙi manya ne, suna iya yafe abin da ya ke nasu. Amma haƙƙin yaro ba na uba ba ne balle ya yafe shi, kuma a zaman sulhun nan ba a taɓa tambayar yaron ba. Wanda aka rufa wa asiri kuwa ya koyi darasi guda, cewa abin yana da farashi, kuma farashin bai fi ƙarfinsa ba. Yaro na gaba shi zai biya sauran. Laifi irin wannan tsakanin mai laifi ne da Hukuma, ya kamata kowane babban jami'in caji ofis ya faɗa wa masu zuwa biko haka, da ladabi amma ba da sassauci ba.

Na san akwai masu tsoron cewa wannan hanya za ta sa ɗan sanda ya shiga tsakanin uba da ɗansa, har ya zama ba mai iya tsawata wa yaro. Ba horo a ke magana ba. Kowa ya san bambancin tsumagiya biyu a tafin hannu da ɗaure yaro da sarƙa, ko ƙona shi da wuƙa mai zafi, ko hana shi abinci kwana uku. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka buɗe irinsa a Daura. Mafi yawan waɗannan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da sunan gyaran hali. Haka kuma sau da yawa yaron da a ke ɗaurewa a gida mai farfaɗiya ne ko mai taɓin hankali, iyaye sun rasa yadda za su yi da shi. Irin wannan gida likita ya ke bukata tun da wuri, kuma mai binciken kirki zai iya bambanta mugunta da rashin sani da talauci. Amma ba zai bambanta ba sai ya shiga ya gani.

Halin da ƙasarmu ta shiga ya daɗa tsananta al'amarin. Shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Danko/Wasagu da Sakaba, kuma a ran 17 ga Nuwamba 2025 suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga suka kashe mataimakin shugaban makarantar suka tafi da ɗalibai 25. Allah ya sa 'yan matan sun dawo. Ba mai zargin 'yan sanda in hankalinsu ya koma daji. Sai dai kowane ƙauye da aka tasa ya kan zubo yara cikin garin Zuru da Ribah, waɗansu marayu, a raba su gidajen dangi, waɗansu a kai su aikatau birane, waɗansu su ɗauki tallan da ba su saba ba. Yaron da ba ya gaban uwarsa, ba kuma sunansa a rajistar kowace makaranta, shi ne wanda in ya ɓace ba mai tambaya. Ga kuma nisa. In aka ce an mai da babban laifi sashen binciken manyan laifuffuka a Birnin Kebbi, manomin da zai bar gonarsa da damina ya biya kuɗin mota nasa da na yaro da na shaida, sau uku ko sau huɗu, ba da daɗewa ba zai ce ya bar wa Allah.

Mu ma'aikatan ilmi namu nauyin a fili ya ke. Bayan uwa, ba wanda ke ganin yaro kullum kamar malamin aji. Shi ke kiran suna da safe, shi zai ga wanda ya yi mako bai zo ba, da wanda ba ya iya zama a benci, da yarinyar da ta ke da surutu ta koma shiru. Abin da a ke so ga malami kaɗan ne: ya rubuta ranar, ya rubuta abin da ya gani da abin da yaron ya faɗa da kalmominsa, ya kai wa hedimasta, hedimasta ya kai gaba a ranar. Kada malami ya mai da kansa ɗan sanda ya yi ta tono, kada kuma ya aika a kira wanda a ke zargi a yi ƙeƙe da ƙeƙe a ofis. Ya kamata a sa wannan cikin darussan kwalejojin horon malamai, kamar yadda a ke koya musu tsara darasi. Kuma kada mu ɗauka gidanmu tsarkakakke ne. Yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021 aka kashe, mai makarantarsu ne ya aikata, Babbar Kotun Kano kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Hedimastan da ya ɓoye laifin malaminsa don kare sunan makaranta, ko jami'in da ya yi wa irin wannan malami canjin wurin aiki kawai, ya tura kura ne cikin wani garken.

Roƙona ga Kwamishinan 'Yan Sanda shi ne a zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu jin harsunan ƙasar, a kowane caji ofis na Zuru, da Ribah, da Mahuta, da Dirin Daji, a ba su horon tambayar yara, kuma a bar su a wurin shekaru, kada a kwashe su zuwa shingen hanya bayan wata uku. A ware ɗaki guda a babban asibitin Zuru inda ɗan sanda da likita da ma'aikacin jin daɗin jama'a za su sami yaro tare, takardar likita kuma ta zama kyauta. Shugabannin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar su ɗauki nauyin man babur da kuɗin motar shaidu, abin da bai kai kuɗin walimar buɗe ofis guda ba. Majalisar Mai Martaba Sarkin Zuru kuma ta sanar da hakimai da dagatai da masu unguwanni cewa maganar fyaɗe da azabtar da yaro ba ta zaure ba ce, duk wanda ta zo gabansa ya miƙa ta caji ofis a ranar, ya kuma rubuta sunan jami'in da ya karɓa.